Reza mai baki biyu: Abin da ya kamata ɗalibi ya sani kafin ya ɗora ƙarfe a fuskarsa

Akwai wani darasi da kusan kowane saurayi ke buƙata tsakanin shekara 15 zuwa 20, amma babu shi a manhajar sakandare, babu shi a kwasa-kwasan jami'a, kuma ba kasafai iyaye ke zaunar da yaro su koya masa ba. Darasin shi ne yadda mutum zai cire gashin fuskarsa ba tare da ya illata kansa ba. Mafi yawanmu a ɗakin kwanan ɗalibai muke tsintar wannan ilimi, ta hanyar kallon wani na gaba da mu, wanda shi ma kallon wani ya yi.

Sakamakon haka kuwa a fili yake. Duk wanda ya tsaya a layin rajista ko ya zauna a bayan aji ya dubi wuyan samari da ƙeyarsu, zai ga ƙuraje da baƙaƙen tabo, wasu ma har da kumburin da ya ƙi sacewa. Akwai kuma illar da ido ba ya gani, wadda ke biyo bayan aron reza da karɓa-karɓar kilifa, kuma ita ce ta fi muni.

Wannan ya sa a wannan mako muka waiwayi wani tsohon kayan aski da kakanninmu ma'aikata da sojoji da 'yan sanda suka sani sarai, wato mariƙin ƙarfe da ake saka wa reza mai baki biyu. A ƙasashen Turai da Amurka matasa da dama sun koma masa bayan an daɗe da yi masa kallon kayan tsofaffi. Mu a nan rezar ba ta taɓa barin teburin mai shago ba, mariƙin ne kawai ya yi ƙaranci.

Yadda abin yake

Babu wanda bai san reza ba. Da ita muke yanke farce, da ita muke fiƙe fensir tun muna firamare, tela na warware ɗinki da ita, kuma sunaye irin su Tiger da Nacet sun daɗe a bakin mutane. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan doguwar huda mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke tsakiyarta ba ado ba ce. An yi ta ne domin rezar ta zauna daram a cikin mariƙinta. Tun asali ba a ƙera ta don a riƙe da yatsu ba.

Mariƙin da aka fi samu kashi uku ne: murfin sama mai ɗan tudu, farantin ƙasa mai katanga a kowane gefe, sai hannun da ake murɗawa ya haɗe su. Idan aka ɗora reza a tsakani aka ɗaure, murfin zai ɗan lanƙwasa ta, bakinta ya leƙo kaɗan a gefe biyu. Katangar nan ita ke fara taɓa fata, ta shimfiɗa ta, ta kuma hana kaifin nutsewa cikin nama. Bambancinsa da askar wanzami ke nan, wadda kaifinta a buɗe yake, ƙwarewar hannu ce kaɗai ke tsare mutum. Akwai kuma wani samfuri da ake murɗa gindinsa, kansa ya buɗe biyu kamar ƙofa, a jefa reza a rufe.

Kaurin rezar bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma girmanta ɗaya ne a ko'ina. Rezar da aka ƙera a Masar ko Indiya ko Turkiyya ko Japan za ta shiga mariƙin da aka ƙera a Jamus ko Sin. Wannan daidaito shi ne sirrin arahar ta, domin babu kamfanin da ya mallake ta shi kaɗai.

Daga murfin kwalba zuwa fagen yaƙi

Tunanin sanya wa aska katanga tsoho ne. Wani maƙerin wuƙaƙe a Faransa mai suna Jean-Jacques Perret ya gwada hakan tun cikin shekarun 1760, kuma a 1880 wasu 'yan uwa da ake kira Kampfe sun yi rajistar nasu samfurin a Amurka. Sai dai duk waɗannan suna da kauri, dole a riƙa wasa su kamar yadda wanzami ke wasa askarsa.

Wanda ya sauya lamarin shi ne King Camp Gillette, wani ɗan tallan kaya Ba'amurke da aka haifa a 1855. Ya yi aiki a ƙarƙashin William Painter, mutumin da ya ƙirƙiro murfin kwalbar lemo mai haƙora da muke ɓallewa mu yar har gobe. Painter ne ya ba shi shawarar ya nemi wani abu da mutane za su yi amfani da shi su jefar, su dawo su sayi wani. A 1895 tunanin siririyar reza ya zo wa Gillette, amma masana ƙarfe na lokacin suka nuna masa ba zai yiwu a sami ƙarfe mai wannan siranta da zai riƙe kaifi, kuma ya yi araha ba. Sai da ya shafe shekara shida kafin ya haɗu da injiniya William Nickerson, wanda ya ƙera injinan da suka warware matsalar.

An kafa kamfanin a birnin Boston a 1901. A 1903, shekarar farko ta ciniki, mariƙi 51 da reza 168 kacal aka sayar. A shekarar da ta biyo baya, wadda a cikinta ya sami takardar mallakar fasaharsa, cinikin mariƙin ya kai wajen dubu 90. Ba kuma don araha ba, domin dala biyar ake sayar da shi, kuɗin da ya kai wani babban kaso na albashin mako na lebura a wancan zamani. Farashin bai faɗo sosai ba sai da wa'adin takardar mallakar ya ƙare a 1921, kowa ya sami damar ƙera irinsa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya shigar da shi gida-gida. A wannan yaƙi an yi amfani da iskar guba, kuma takunkumin da soja ke sawa ba ya kama fuska da kyau idan akwai gemu. Rundunar sojin Amurka ta sayi mariƙi kimanin miliyan uku da rabi da reza sama da miliyan 30 ta raba wa dakarunta. Da samarin suka koma gida, sai suka koma da al'adar yi wa kai aski kowace safiya, maimakon zuwa wurin mai aski.

Rezar farko tana saurin tsatsa, sai an goge ta an busar bayan kowane aski. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da ta ƙarfen da ba ya tsatsa, mai wani shafi a bakinta da ke sa ta sulɓi, sauran kamfanoni suka bi sahu. Irin ta ce muke saye a yau.

Yadda roba ta kori ƙarfe

Da yake kowa na iya ƙera reza mai baki biyu, ribar da ke cikinta ta ragu. Sai manyan kamfanoni suka koma ga abin da su kaɗai za su iya sayarwa. A 1971 Gillette ya fito da Trac II mai reza biyu a jere cikin kan roba. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Bic na Faransa ya kawo na roba gaba ɗaya, wanda ake jefarwa da hannunsa. A 1998 aka yi Mach3 mai reza uku, a 2006 aka yi Fusion mai biyar. Kowane kai da irin hannun da yake shiga, don haka wanda ya sayi hannun ya ɗaure kansa da sayen kan wannan kamfani. Ɗaliban kasuwanci sun san wannan dabara, ita ce dai ake yi mana da na'urar buga takardu da tawadarta. Girman kasuwar ya fito fili a 2005, lokacin da kamfanin Procter & Gamble ya saye Gillette a kan kusan dala biliyan 57.

To, bari mu yi lissafin ɗalibi. Reza ɗaya mai kyau takan yi aski uku zuwa biyar kafin ta dakushe, gwargwadon kaurin gashin mutum. Wanda ke aski sau biyu a mako zai yi aski 104 a shekara. Idan muka ɗauki huɗu a kowace reza, reza 26 ke nan a shekara guda, wato bai kai fakiti uku masu goma-goma ba. Mariƙin kuwa sau ɗaya ake saye, kuma idan na ƙarfen kirki ne zai iya kai mutum har ya gama hidimar ƙasa ya yi aure. Kowa ya je kanti ya tambayi kuɗin kan roba mai reza uku ko biyar guda ɗaya, ya kwatanta da kuɗin fakitin reza, zai ga tazarar da kansa.

Tsadar na roba tana da wata illa ta daban. Saboda ana jin ciwon kuɗin, sai a yi ta amfani da guda ɗaya wata da watanni, ya dakushe, gashi da sabulu da dattin fata su cushe tsakanin rezojin. Dakusasshen kaifi ba ya yanka gashi, fizgarsa yake yi, sai mutum ya ƙara dannawa, fata ta kwashi kashinta a hannu.

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin yadda gashi ke dakusar da ƙarfe. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun duba wannan a 2020 da na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Sun gano cewa duk da ƙarfen ya fi gashi tauri kusan sau 50, idan gashin ya lanƙwashe a gaban kaifin yakan ɓantare ɗan mitsitsin wuri a bakin rezar, daga nan ɓantarewar ta yi ta ƙaruwa. Don haka reza na iya zama tana ƙyalli a ido alhali bakinta ya zama zarto.

Gashinmu ba irin nasu ba ne

A nan ne batun ya fi shafar mu. Gashin gemun yawancin baƙar fata a murɗe yake fitowa. Idan aka yanke shi ƙasa sosai, bakinsa kan zama mai tsini, kuma da ya fara tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fata, ko ma ya kasa fitowa ya ci gaba da girma a ciki. Jiki kuma sai ya ɗauke shi kamar ƙaya ce ta shige shi, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya tara ruwa. Waɗannan su ne ƙurajen aski. Idan suka warke sukan bar baƙin tabo, ga wanda jikinsa ke yin tsiron tabo kuwa, abin kan zama dindindin. Matsalar ta yi yawa a tsakanin baƙaƙen fata har ta kai rundunar sojin Amurka ta shafe shekaru tana ba masu fama da ita takardar likita da ke ɗage musu dokar aske gemu ƙwal.

Abin aski mai reza da yawa an tsara shi ne ta yadda ta farko za ta ɗan jawo gashin waje, ta biyu ta yanke shi kafin ya koma. Gashin sai ya koma ya kwanta a ƙasan fata, shi ya sa fuska ke yin sumul. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan daɗi ne. Ga mai murɗaɗɗen gashi kuwa, an shuka masa ƙuraje ne. Shi ya sa likitocin fata kan shawarci masu wannan matsala su koma ga kaifi ɗaya, ko kilifar da ke barin ɗan gashi. Reza mai baki biyu, duk da sunanta, baki ɗaya ne ke taɓa fata a kowane ja, kuma a daidai saman fata take yankewa.

Amma fa kada a ɗauka magani ce. Wanda ya danna ta, ko ya ja fatarsa ya miƙar, ko ya yi ta maimaita wuri ɗaya yana neman sumul irin na tallan talabijin, zai sami ƙurajen da ya guda. Wanda kuma ƙurajen suka riga suka kama, babu abin da ya fi masa kamar ya dakatar da aski na wasu makonni har gashin ya tsiro ya fito da kansa. Masu kumburi a ƙeya, wanda yawan kankare ƙeya ke tsanantawa, asibiti ya kamata su nufa tun abin bai yi tauri ba. Man birki da ruwan batir da sauran abubuwan da ake ba juna shawara a ɗakunan kwana ƙona fata kawai suke yi.

Yadda ake askin

Rabin aikin yana ƙarewa ne kafin reza ta taɓa fuska. Busasshen gashi yana da tauri, amma idan ya sha ruwa na minti biyu zuwa uku yakan yi laushi sosai. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan wanka. Idan babu hali, a jiƙa ƙaramin tawul da ruwan ɗumi a ɗora a fuska na ɗan lokaci. Wanzamai sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa za ka ga wanzami ya daɗe yana murza ruwa a kan mutum kafin ya zaro aska.

Sai kumfa. Aikinta shi ne ta riƙe ruwa a jikin gashi, ta kuma sa ƙarfen ya zame. Akwai man aski na matsawa da sabulun aski da ake kaɗawa da buroshi, kuma buroshin na taimakawa wajen tayar da gashin da ya kwanta. Wanda ba shi da su zai iya amfani da sabulu marar zafi ya murza da hannu har ya yi kauri. Sabulun wanki da omo ba na fuska ba ne.

Kafin ranar askin farko, yana da kyau mutum ya bar gashin ya yi kwana biyu ko uku, ya shafa da yatsa ya gano inda kowane sashe ya nufa. Inda yatsa ya bi ya ji santsi, nan gashin ya kwanta. Inda ya ji kaushi, ya saɓa masa. A kumatu yawanci ƙasa yake nufa, amma a wuya yakan karkace gefe, wani wurin ma ya yi sama. Ƙa'idar ita ce a bi inda gashi ya kwanta, musamman a wuya.

Wajen riƙewa, a ɗora kan mariƙin a kunci, hannun yana kallon waje, sannan a riƙa sauke hannun a hankali har a ji kaifin ya fara kama gashi. Kusurwar kan kama wajen digiri 30. Kan wannan mariƙi ba ya juyawa da kansa kamar na roba, wuyan hannun mutum ne ke bin lanƙwasar fuska. Babban abin kiyayewa shi ne dannawa. Nauyin ƙarfen ya isa, hannu jagora ne kawai. A riƙa ja gajere-gajere, a juya ɗaya bakin idan wannan ya cika, a ɗauraye cikin ruwa. Kada a taɓa jan shi ta gefe, domin haka ne yake yanka. A haɓa da muƙamuƙi da maƙogwaro a rage sauri. Masu iya magana sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, amma a askin fuska wuya ne gaban goshin.

Idan an gama zagaye ɗaya aka ga saura, a sake shafa kumfa kafin a koma. Reza ba ta bin busasshiyar fata. Ga mai saurin ƙuraje, zagaye ɗaya ya wadatar, ko da fuskar ba ta yi sumul ba.

Daga nan a wanke da ruwan sanyi. Alif, irin wanda ake jefawa a ruwa datti ya kwanta, yana tsayar da jinin ƙaramin yanka idan aka jiƙa shi aka goga, sai a ɗauraye bayan ɗan lokaci. Shi ma kowa da nasa. A ƙarshe a shafa mai marar turare mai yawa, kamar man kaɗanya kaɗan, musamman da hunturu lokacin da fata ke bushewa. Turare da sifirit a kan sabon aski raɗaɗi da bushewa suke ƙarawa. Mariƙin kuma a kwance shi, a wanke, a bar shi ya sha iska.

Da yawa daga cikinmu masu barin gemu ne, gyaran gefen kumatu da wuya da saje kawai suke yi. Su ma wannan mariƙi ya fi yi musu daidai, domin kaifi ɗaya ya fi nuna wa mutum inda layi zai tsaya. 'Yan uwanmu mata da ke amfani da reza wajen tsaftar jiki su ma ƙa'idar ɗaya ce: ruwa, kumfa, sabon kaifi, babu dannawa. Riƙe tsirarar reza da yatsu a kusa da ido don gyaran gira kuwa ganganci ne da ya kamata a bari.

Aron reza ba zumunci ba ne

Rayuwar makaranta rayuwar aro ce. Muna aron bokiti da dutsen guga da caja da takalmi, kuma wanda ya hana ana yi masa kallon marowaci. Amma akwai abubuwan da hana su shi ne ƙauna, kuma reza na sahun gaba. Kowane aski yana barin ƙananan yanka da ido ba ya gani, kuma jini kaɗan ya isa ya ɗauki cuta.

Mutane sun fi tsoron ƙanjamau, amma a batun reza ciwon hanta nau'in B ne babban abin tsoro. Ƙwayar cutar ta fi ta ƙanjamau saurin kamuwa sau 50 zuwa 100, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya rayuwa a wajen jiki na aƙalla kwana bakwai. Ma'ana rezar da wani ya yanke da ita ranar Juma'a tana iya harbin wani ranar Alhamis, ko da jinin ya bushe. Babban binciken ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, kuma a tsakanin maza adadin ya kai kusan mutum ɗaya cikin goma. A ɗakin da samari goma ke kwana, wannan lissafi ba na nesa ba ne.

Yawancin masu ɗauke da cutar ba su sani ba, domin takan yi shekaru ba ta nuna alama, sai daga baya ta lalata hanta ko ta jawo sankara. Da yawansu kuma tun suna jarirai ko ƙananan yara suka same ta, ba ta wani laifi nasu ba, don haka babu dalilin ƙyama. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko musabaha ko zama a aji ɗaya. Abin da ake gudu shi ne haɗuwar jini, ta reza, ko abin yanke farce, ko buroshin haƙori, ko allura.

Abin farin ciki shi ne tana da rigakafi. Najeriya ta shigar da allurar cikin rigakafin yara a 2004, wanda ke nufin waɗanda suka girme mu kaɗan ba su samu ba, haka ma duk wanda ba a kai shi asibiti an kammala masa ba. Ga babba, allura uku ce cikin wata shida, bayan an yi gwajin jini. Kowace ranar 28 ga Yuli ake bikin ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya, kuma a irin wannan lokaci akan sami asibitoci da ƙungiyoyin da ke yin gwaji kyauta ko da rangwame. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanzami da mai kilifa

Ba za a yi maganar aski da ruwa a ƙasar Hausa a tsallake wanzami ba. Tun kafin a haifi Gillette yake yawo da zabirarsa, da aska da dutsen wasi da ƙaho, shi ne mai askin suna, shi ne mai kaciya, kuma sana'ar tana da shugabanci har da sarautar Sarkin Aska. Dattawa da yawa har yau ba su yarda da kilifa ba. Matsalar askar gargajiya ɗaya ce, kai da yawa take bi. Wanzamai da dama sun gane haka, sun koma amfani da mariƙi mai kama da aska wanda ake karya sabuwar reza biyu a saka rabi. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo, kuma haƙƙin mai aski ne ya ga an ɓare rezar daga takardarta a gabansa.

A shagon aski na zamani ma haka abin yake. Kilifar da aka wasa don ta fitar da layi tana yanka fata, kuma ɗan goga mata sifirit ko nuna mata wutar ashana na daƙiƙa biyu ba tabbacin kashe ƙwayoyin cuta ba ne. Ban da ciwon hanta, makero ma ta nan yake yawo. Wanda ke da hali ya mallaki kilifarsa ya riƙa zuwa da ita. Wanda ba shi da shi, ya zaɓi shagon da ya ga ana wanke kayan aiki da gaske, ya kuma hana a bi masa layi da rezar da ba a gabansa aka buɗe ba. Mai askin da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba.

Ina tsohuwar reza za ta?

A tsofaffin gidajen Amurka akwai wata 'yar tsaga a cikin akwatin madubin banɗaki, inda ake zura tsohuwar reza ta faɗa cikin bango. Masu gyaran irin waɗannan gidaje har yau suna tarar da tarin rezoji idan sun fasa bangon. Mu ba mu da wannan, kuma sharar mu hannun mutane take bi: masu share ɗakunan kwana, 'yan jari-bola, da yaran da ke tone bola ba takalmi. Rezar da aka jefa a kwandon shara tsirara tarko ce aka ɗana musu.

Maganin mai sauƙi ne. A sami gwangwanin madara ko na tumatir mai murfi, ko wata roba mai kauri, a yi mata 'yar tsaga a sama, a riƙa zura tsofaffin a ciki. Gwangwani ɗaya zai ɗauki rezar shekaru. Idan ya cika a toshe bakin a naɗe da salatif kafin a rabu da shi. A kuma ajiye shi da sabbin rezojin inda hannun ƙannenmu ba zai kai ba idan mun je hutu.

Wannan mariƙi ba na kowa ba ne. Mai fama da ƙurajen fuska masu yawa, da mai ciwon da jininsa ba ya saurin tsayawa, da wanda jikinsa ke yin tsiron tabo, su fara jin ta bakin likita. Wanda kuma kullum a makare yake fita lacca, gara ya tsaya a kan kilifa, domin wannan aski yana son minti goma na natsuwa, kuma makonni biyun farko na koyo ne. Ga sauran, ana samun mariƙin a wasu manyan kantuna da wurin masu kayan aski a kasuwa da kuma shagunan intanet. A duba wanda reza ke zama a cikinsa daidai, bakin ya leƙo iri ɗaya a gefe biyu, domin wanda ya karkace yanka yake yi.

Muna kira ga shugabannin makarantun kwana da ke tilasta aski, su tabbatar kowane ɗalibi yana da nasa kayan, kada a tara yara a bi su da kaifi ɗaya. Ƙungiyoyin ɗalibai kuma, musamman na masu karatun likitanci da jinya da harhaɗa magunguna, za su iya haɗa kai da asibitin makaranta su shirya gwajin ciwon hanta a makon karɓar sababbin ɗalibai, su kuma ajiye gwangwanin tara reza a kowane banɗaki. Kuɗin da za a kashe kaɗan ne, kuma aiki ne da za a iya farawa a wannan zangon karatu.